Zaɓen Sifirin ɗin Baya na Tsohuwar Mota Fijo 504 a Ƙasar Wudil

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ya kamata a zaɓi sifirin ɗin baya idan na asali ya gaji a jikin tsohuwar mota. Mun ɗauki Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo, ta zama abin misalinmu, kuma mun tsaya a kan Wudil da kewayenta saboda dalilai biyu. Na farko, garin yana bakin gada a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, kuma kasuwarsa ta ranar Juma'a tana tara motoci daga Gaya da Garko da Sumaila da Takai da wuraren da suka fi nan nisa. Da wuya motar da ta shigo ta koma wayam. Na biyu, Wudil gari ne na koyar da fasaha: akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati, akwai kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Watau lissafin da ake yi a allo da aikin da ake yi a gareji maƙwabtan juna ne a wannan gari, ko da yake ba kullum suke gaisawa ba.

Abin da muke so mu nuna shi ne, akwai abubuwa biyu a jikin sifirin waɗanda mai mota da mai sayar da kaya suka saba haɗawa su mayar ɗaya, watau tsawonsa da taurinsa. Yawancin kuskuren da ake yi wajen saye daga wannan haɗawa yake tasowa. Game da kalmomi, mun bi bakin kanikawa inda suka riga suka ba abu suna, kamar sifirin da aksul da shakazoba. Inda ba su ba shi ba, mun siffanta shi da Hausa yadda za a gane.

2.0 Fijo 504 ba iri ɗaya ba ce

An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Sunan da ta yi a Afirka kuwa daga ƙafafunta ya zo, domin tana da doguwar tafiya tsakanin taya da jiki, tana shanye gargada ba tare da ta wahalar da na ciki ba. Ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson. A wannan shekara ce kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, sa'an nan gwamnatin Janar Obasanjo ta 1976 zuwa 1979 ta mayar da ita motar hukuma. An daina ƙera ta a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Yau Golf da Sharon da Hiace sun karɓe tasha, sai dai har yanzu ana ganin 504 a hannun dattawa waɗanda suka riƙe ta da daraja, da kuma tsirarun wagon da a-kori-kura masu zirga-zirgar kasuwannin ƙauye. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta kusa shekara 20, da yawa kuwa sun haura 40.

Abin da ya shafe mu a wannan tarihi shi ne, ƙarƙashin bayan motar ya kasu aƙalla gida huɗu. Salun ta asali, irin su GL da TI, kowace tayar baya tana da hannunta daban, tana hawa da sauka ba tare da ta ja 'yar'uwarta ba, kuma sifirin mai murɗi yana zaune a kan wannan hannu. Daga 1973 aka fito da salun mai rahusa, wadda aka kira L, mai aksul ɗaya miƙaƙƙe da sifirin mai murɗi guda biyu, kuma an ci gaba da wannan tsari a wasu salun na baya. Wagon tana da miƙaƙƙen aksul, amma sifirin ɗinta huɗu ne, biyu a kowane gefe. A-kori-kura kuwa sifirin mai falle-falle take amfani da shi, irin na manyan motoci. Saboda haka wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi "sifirin ɗin bayan Fijo" bai faɗi kome ba tukuna. Harafin da ke manne a but ma ba shaida ba ne, domin motar da ta shekara 40 ta sha canjin but da inji, wani lokaci har da aksul. Sai an durƙusa an leƙa.

Bambancin salun mai hannu biyu da mai miƙaƙƙen aksul ya wuce na siffa. A mai hannu, sifirin yana zaune ne tsakanin inda hannun ya maƙale a jiki da inda taya take, don haka taya tana danna shi da mabuɗin ƙarfi irin na mai ɗaga dutse da sanda. Alal misali, in sifirin yana zaune a kashi 7 cikin 10 na tsawon hannun, taurin da taya take ji ba zai wuce 0.7 sau 0.7 ba, watau 0.49, kusan rabin taurin sifirin ɗin. Wanda aka yi domin wannan wuri dole ya fi na miƙaƙƙen aksul tauri. In aka musanya su, ko dai mota ta zauna ƙasa, ko ta zama keken shanu.

3.0 Tsawo daban, tauri daban

Tun a 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa dannuwar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa: in nauyi ya ninka, dannuwa ta ninka. Abin da muke kira tauri a nan shi ne adadin nauyin da zai danne sifirin milimita 1. Ga mai murɗi, ana lissafa shi kamar haka:

k = G × d⁴ ÷ (8 × D³ × n)

A nan k shi ne tauri. Ƙaramin d kaurin sandar ƙarfen da aka murɗa. D faɗin murɗin daga tsakiyar sanda zuwa tsakiyar sanda. N yawan zagayen da ke aiki, ban da na bakin sama da na ƙasa waɗanda suke zaune a mazauni. G kuwa adadi ne na ƙarfen kansa, kimanin nuton 80,000 a kan murabba'in milimita.

Bari mu gwada da alƙaluman misali, waɗanda muka zaɓa domin sauƙin lissafi. A ce kaurin sanda milimita 13 ne, faɗin murɗi 110, zagaye masu aiki 7. Lissafi zai ba da nuton 31 a kowace milimita, watau kowane kilo 3.1 da aka ɗora zai danne shi milimita 1. To, a ƙara wa kaurin sandar milimita 1 tak, ya zama 14, a bar sauran yadda suke. Tauri zai tashi zuwa nuton 41, ƙarin kashi 34 cikin ɗari ke nan. Ido ba ya rabe sandar milimita 13 da ta 14 a cikin tarin ƙarafa masu tsatsa, amma bayan fasinja zai rabe su kafin a kai Gano. Dalili shi ne kaurin sanda ana ninka shi sau huɗu a cikin lissafin, faɗin murɗi sau uku. Haka kuma, sifirin mai yawan zagaye ya fi mai ƙarancin zagaye laushi, saɓanin yadda mutane da yawa suke zato.

Yanzu sai a lura da abin da babu shi a cikin wannan lissafi. Babu tsawon sifirin, babu kuma shekarunsa. Adadin G kusan ɗaya ne ga kowane ƙarfen sifirin, sabo ko tsoho. Ma'anar wannan ita ce, sifirin ɗin da ake cewa ya mutu ko ya yi laushi, in ba tsatsa ce ta cinye kaurinsa ba, taurinsa yana nan kusan yadda aka ƙera shi. Abin da ya rasa shi ne tsawo. Shekaru na lodi fiye da kima sun danne shi har ya kasa komawa inda ya taso, ya zauna a gajarce. Motar ta sunkuya ta baya, tazarar da ke tsakanin aksul da robar tsayawa ta ragu, ƙaramin rami sai a ji ƙasa ta buga. Direba ya ji bugun ya ce sifirin ya yi laushi, ya tafi neman mai tauri. Alhali maganin da motar take bukata shi ne sifirin mai tsawon asali da taurin asali. Sau da yawa ma shakazoba ce ta tsiyaye, motar take ta lilo bayan kowane tudu, aka ɗora wa sifirin laifi. Sifirin ɗaukar nauyi yake yi. Kashe lilo aikin shakazoba ne, kuma Peugeot ta daɗe tana ƙera nata shakazoba da kanta domin ta dace da sifirin ɗinta.

Akwai hanyar gane ko taurin ya dace da motar, watau saurin lilonta. Jikin ɗan Adam ya fi sakewa da lilo 60 zuwa 90 a minti ɗaya, kusan saurin takun mai tafiya. Motar da nauyinta ya danne sifirin milimita 250 tana lilo kimanin 60 a minti. Wadda ya danne 110 kawai tana yin 90. Maurice Olley, injiniyan Ingila da ya yi aiki da General Motors a Amurka a shekarun 1930, ya nuna cewa ya kamata lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri, domin tayar gaba ce take fara cin tudu, sai ta baya ta cim mata, motar ta sauka a miƙe maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa kamar raƙumi. Kalmar "ɗan" ita ce abin lura. In aka sa wa baya sifirin mai tauri ainun aka bar gaba yadda yake, an rushe wannan daidaito.

4.0 Lodi da inda ake ɗora shi

Matsalar wagon ta kasuwa ita ce rayuwa biyu take yi. Da safe ta taho da buhuna, da yamma wataƙila ta koma da mutum uku da jarkar manja. In nauyin da ke kan baya ya ninka tsakanin waɗannan halaye biyu, saurin lilo zai bambanta da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma babu sifirin mai tauri ɗaya da zai gamsar da duka biyun.

Daɗin daɗawa, wurin da aka ɗora kaya yana da tasiri kamar nauyin kayan. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a wagon milimita 2,900 ce, a salun kuwa 2,740. A ce an ɗora buhu uku na masara, kilo 300, a can ƙarshen but, milimita 600 bayan aksul. Aksul ɗin baya ba kilo 300 zai ɗauka ba. Zai ɗauki 300 sau 3,500 a raba da 2,900, watau kilo 362. Ƙarin kilo 62 ɗin daga tayoyin gaba aka zare shi, su kuwa su ne masu sitiyari da mafi yawan birki. Wanda ya bar murfin but a buɗe ya ɗaure buhuna suna leƙe a waje, kamar yadda kowa ya saba gani a hanyar Darki, ya ƙara tsawon wannan sanda. Matso da kaya gaba, kan aksul ko gabansa, yana rage sunkuyon mota fiye da yadda wani sifirin zai rage, kuma ba a biyan ko kwabo.

Wajibi ne mu faɗi wani abu a fili, domin a nan ne rai yake shiga maganar. Sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota iya ɗauka. Yana ɓoye sunkuyo ne kawai. Bodin aksul da boris da birki da taya suna nan da iyakarsu. A gefen kowace taya ta zamani akwai lamba mai nuna iyakar nauyinta: 88 tana nufin kilo 560, 91 tana nufin 615, 95 tana nufin 690. Sunkuyon mota gargaɗi ne ga direba da ɗan kamasho cewa lodi ya isa. In aka kawar da gargaɗin, sai a ci gaba da lodi har taya ta yi magana a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu, ita kuwa maganarta sau ɗaya ce.

5.0 Dabarun gareji

Ba mu da niyyar raina bakanike. Ba don dabararsa ba, da tuni babu 504 ko ɗaya a kan hanya, kuma yawancin dabarun nan rashin kaya ne da ƙarancin kuɗin mai mota suka haife su. Amma ya kamata a san kuɗin da kowace take caja daga baya.

Mafi muni ita ce gasa sifirin da wutar walda a ja shi ya ƙara tsawo. Ƙarfen sifirin yana samun juriyarsa ne daga horon da aka yi masa a masana'anta: a gasa shi, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi a zafin da bai wuce digiri 400 zuwa 500 ba, sa'an nan a yi masa ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe domin fatarsa ta ƙi tsagewa, a ƙarshe a danne shi har ƙasa domin ya zauna tun kafin ya shiga mota. Wutar walda tana kai ƙarfe ga yin ja, sama da digiri 700, ta goge wannan horo duka a wurin da ta taɓa. Motar za ta fita gareji a miƙe, mai ita ya yi murna. Ba da daɗewa ba wurin da aka gasa zai sake zama, ko ya karye. Haka hukuncin yake ga sifirin ɗin da ya karye aka yi masa walda.

Ta biyu ita ce a samo doguwar sifirin ta wata mota a yanke ta. A misalinmu na sama, in aka rage zagaye daga 7 zuwa 6, tauri zai tashi daga 31 zuwa 36. Wannan ba laifi ba ne in an lissafa shi, kuma an yi yankan da zarto ko dutse ba da wuta ba. Inda matsala take shi ne baki. Bakin sifirin an siffanta shi ya kwanta daidai a mazauninsa. Yankakken baki kuwa tsaye yake, yana cin roba, yana karkatar da sifirin ya yi baka, wata rana ya yi tsalle ya fita daga mazauni.

Ta uku ita ce cusa guntayen tsohuwar taya a tsakanin zagaye. Duk zagayen da aka toshe ya daina aiki, saura su ɗauki rabonsa, su gaji da wuri. Shimfiɗa roba mai kauri daidai a ƙarƙashin mazauni ya fi wannan hankali nesa ba kusa ba, domin yana dawo da tsawo ba tare da ya taɓa tauri ba, muddin ba a wuce milimita 10 zuwa 15 ba. A ganinmu wannan ce kaɗai dabarar da malamin fasaha zai iya koya wa ɗalibi ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ta huɗu ita ce ɗauko sifirin ɗin motar da ta fi girma a tura shi da ƙarfi. Ban da tsananin tauri, sanda mai kauri tana cika wuri, zagayen suna haɗuwa da juna kafin aksul ya kai robar tsayawa, bugun ya tafi kai tsaye cikin bodi. In kuma ya yi tsawo, shakazoba ce za ta riƙa miƙewa har ƙarshenta tana fizgar kunnenta. Abin da ya fi waɗannan haɗari ba a jin sa sai a kwana. Mota mai taurin baya, in babu kaya, tayoyin bayanta tsalle suke yi a kan gargadar hanyar burji maimakon su bi ƙasa, kuma bayan ne yake fara zamewa. Direban da ya saba da 504 mai biyayya ba ya tsammanin haka.

Har ila yau, 504 tana da wata 'yar na'ura a layin birkin baya, wadda take auna yadda bayan motar ya sauka ta ƙara ko ta rage ƙarfin birki gwargwadon lodi. Tsayin motar take karantawa, ba ta san nauyi ba. In sifirin ya zauna, za ta ɗauka an yi lodi ta saki birki mai yawa, tayar baya ta kulle a kan yashi. In aka sa mai tauri, za ta ɗauka motar wayam take alhali tana ɗauke da buhu biyar. A motoci da yawa an daɗe da cire ta ko ta ƙame da tsatsa, wannan kuwa wata takarda ce ta daban.

6.0 Awo kafin saye

Aikin yana farawa ne tun motar tana tsaye a kan ƙafafunta. A ajiye ta a daɓe mai lebur, tayoyi da iska daidai, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a hagu da dama. Ana aunawa daga tsakiyar wili ne domin kada laushin taya ya shiga lissafi. Bambancin da ya wuce milimita 10 zuwa 15 tsakanin gefe da gefe yana nuna ɗaya ya fi zama, ko robar mazauni ta mutu. Daga nan a ɗora buhun siminti biyu, kilo 100 cif, daidai kan aksul, a girgiza motar ta zauna, a sake aunawa. In ta sauka milimita 16, taurin bayanta gaba ɗaya kusan kilo 6.2 ne a milimita. Wannan gwaji ba ya bukatar kome sai tef da siminti, kuma in aka yi shi a kan motar da aka san tana da lafiya, an sami ma'aunin da za a gwada sauran da shi.

Bayan an kwance tsohon, a rubuta abu biyar: kaurin sanda da ma'aunin kauri, a wurin da tsatsa ba ta ci ba; faɗin murɗi; yawan zagaye; siffar bakin sama da na ƙasa; da tsawonsa a sake. Huɗun farko su ne za a nema a sabo. Na biyar kuwa tsawon gajiyayye ne, don haka sabon ya kamata ya ɗara shi. Mai saye da yawa yakan riƙe tsohon a hannu ya zaɓi wanda ya yi daidai da shi a tsawo, ya dawo gida da wani gajiyayyen. Masu ƙera motoci sukan ɗiga fenti mai launi a jikin sifirin domin nuna ajinsa. In ɗigon ya tsira, a tabbata na hagu da na dama launinsu ɗaya. Ba a canja ɗaya a bar ɗaya. A wagon, huɗun ake canjawa.

Sai tambayar da mai mota ne kaɗai zai amsa: wane aiki motar take yi? Salun ɗin dattijo mai zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure ba ta bukatar kome sai awon asali, domin laushin nan shi ne abin da ya sa ake son ta. Wagon mai lodi kullum za ta iya ɗaukar ƙarin tauri kaɗan, mu dai ba za mu ba da shawarar a wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba, tare da shakazoba sabuwa. Akwai kuma sifirin mai tauri hawa-hawa, wanda zagayensa suka matsu a gefe ɗaya suka buɗe a ɗaya gefen: yana da laushi in babu kaya, matsattsun zagayen su haɗe in an yi lodi, ya ƙara tauri. Shi ne ya fi kusa da warware rayuwa biyun da muka ambata, in an dace da wanda ya shiga mazauni.

Game da wurin saye, mutumin Wudil yakan nufi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, wani lokaci Panteka a Kaduna. Jama'a sun yi imani da kayan gwanjo na Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, kuma a kan inji da giya imanin yana da hujja. A kan sifirin ɗin 504 hujjar ta yi rauni. Duk wanda aka ciro daga motar Turai ya haura shekara 40, ya kuma sha gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Ƙananan ramukan da tsatsa take haƙawa su ne mafarin tsagewa, musamman a zagayen ƙasa inda laka take kwana. A kankare wannan wuri da burushin ƙarfe a duba. In ya yi zanzana, a ajiye shi. Wanda aka ciro daga motar da ta yi rayuwarta a Arewa ba shi da tsatsa sosai, amma ya sha lodi. Sabo na kwali kuwa sunan da ke jikin kwalin ba ya ɗaukar mota. A fito da shi a auna, a tsayar da biyun a kan tebur a ga ko kansu ɗaya, a mirgina su a ga ko sun miƙe.

7.0 A-kori-kura da ɗaurawa

Sifirin mai falle-falle ya fi karɓar gyara. Taurinsa yana tafiya da yawan falle, da kaurin kowane falle ninki uku, don haka ƙara falle ɗaya abu ne da ake iya lissafawa. Sharaɗi shi ne tsawon fallayen ya riƙa raguwa daki-daki, a canja kusar tsakiya da maɗauran aksul zuwa masu tsawon da ya dace, kada kuma a huda uwar falle ko a kusanto ta da wuta, domin ita ce take riƙe da aksul a wurinsa.

Wajen ɗaura mai murɗi, a tuna cewa sifirin ɗin misalinmu in aka matse shi milimita 150 yana turawa da ƙarfin kusan kilo 470. Igiya da wayar ɗauri ba su riƙe wannan; a yi amfani da matsi na ƙarfe mai zare, biyu a gefe da gefe, motar kuma tana kan jakuna masu ƙafa, ba a kan jak da bulo ba. A sa robar mazauni sabuwa, a juya sifirin har bakinsa ya faɗa gurbinsa. Kusoshin da suka ratsa bushin kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Bayan tafiyar mako guda a sake auna tsayi daga tsakiyar wili, a saita na'urar birkin baya in tana nan, a kuma gyara fitilun gaba, domin bayan da ya ɗaga zai sa su kalli ƙasa fiye da yadda suke a da.